Jikin Mai Juna Biyu: Iyakar Laulayi da Mafarin Ciwo

Ciki yakan ɗauki kimanin mako 40, wato kwana 280, idan aka fara ƙirga daga ranar farko ta jinin al'adar da mace ta gani na ƙarshe. A tsawon wannan lokaci babu gaɓar jikinta da ke zama yadda take. Mahaifa, wadda a da nauyinta bai wuce giram 70 ba, takan kai kusan kilo 1 a ƙarshen ciki, ban da jariri da ruwan da yake kwance a ciki. Ungozomar asibiti takan ji ta da hannu a saman ƙashin mara a mako na 12, a daidai cibiya a mako na 20, a mako na 36 kuwa ta iso ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Abin da wannan lacca ta sa gaba shi ne wata matsala guda: cututtukan da ke kashe masu juna biyu sukan shigo ne da kamannin sauye-sauyen da kowace mai ciki ke gani. Kumburi da kasala da ciwon kai da haki duk ana samun su ga mai lafiya, kuma kowannensu yana iya zama sallamar ciwo mai kisa.

Farkon abin da ke bayyana shi ne laulayi. Daga wajen mako na 6 tashin zuciya yakan kunno kai, da amai, da yawan tofar da yawu, da ƙin warin abin da a da ake so, kamar suyar albasa ko daddawa ko turare. Yana da nasaba da sinadarin da mabiyiya ke fitarwa, wanda shi ne ake nema a fitsari idan ana gwajin ciki. Ga yawancin mata laulayi yakan lafa tsakanin mako na 12 da na 16, kuma cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi cika ciki sau ɗaya sauƙi. Amma akwai aman da ya wuce laulayi. Idan ko ruwa ba ya zama, leɓe ya bushe, fitsari ya ragu ya yi ja, jiki yana ramewa, to wannan mace ƙarin ruwa take bukata a asibiti, kuma cewa “haka kowa ta yi” ba zai amfane ta da komai ba.

Wani sinadarin, furojestaron, aikinsa sassauta tsokar mahaifa don kada ta matse ta fitar da ciki kafin lokaci. Sai dai ba ya tsayawa a mahaifa kaɗai. Yakan sassauta bakin tumbi, ruwan ciki mai tsami ya riƙa tasowa, shi ne ƙwarnafin da ke hana mai ciki barci. Yakan rage tafiyar hanji, bayan gida ya yi tauri, wani lokaci har basir ya fito. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu su ma sukan saki, shi ya sa ciwon baya da na mara suke yawa a watannin ƙarshe. Fata takan ƙara duhu a fuska da kan nono, wani baƙin layi ya sauko daga cibiya zuwa mara. Waɗannan duka wahala ce ta gaske, amma ba su da haɗari, kuma yawancinsu kan wuce bayan haihuwa.

Babban sauyi, wanda ido ba ya gani, yana cikin jini. Ruwan jini yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ƙaruwarsu ba ta kai haka ba, saboda haka jinin mai ciki yakan ɗan tsinke ko da lafiyarta ƙalau. Zuciya takan ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti don ta tura wannan jini mai yawa. Hikimar abin a fili take: ana ciyar da ɗan tayi, ana kuma yi wa uwa tanadin jinin da za ta zubar ranar haihuwa. Amma gina wannan jini yana cin sinadarin ƙarfe, kuma macen da ta shiga ciki da ƙarancinsa, ko wadda ke yin kunika, ba ta da ajiyar da za ta ɗiba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan ma'aunin hemogulobin ɗinta ya gaza giram 11, idan kuwa ya gaza 7 abin ya yi tsanani.

A gida ma ana iya lura. A ja fatar idon ƙasa a duba cikinta: ga mai isasshen jini ja ce, ga marar jini fari fat. Haka tafin hannu da harshe da ƙarƙashin farce. Mace ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa madafa sai ta zauna tana haki, zuciya na dukan uku-uku, jiri na ɗibarta, mutanen gida suna cewa nauyin ciki ne. Wata kuma sai ta kama kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, abin da sau da yawa yake tafiya tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Haɗarin yana jiran ta ne a gaba, domin jinin da mai lafiya za ta zubar wajen haihuwa ta tashi garau, shi ne zai iya tafiya da ran wadda ta zo da ɗan kaɗan. Maganin kuma mai araha ne: ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe tare da folik asid a kullum, da abinci irin su hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyafo. Ƙwayar takan mayar da bayan gida baƙi, mata da yawa kan tsorata su daina sha, alhali wannan ba illa ba ce. Shan shayi tare da ita ko tare da abinci yana rage abin da hanji ke tsotsa. Masu sikila kuwa nasu ciki na bukatar kulawar likita tun daga farko.

A ƙasar Hausa ba a raba zancen ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana da wata ɗabi'a ga mai ciki: takan taru ta laɓe a cikin mabiyiya, ta yadda mace za ta iya ɗauke da ita ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, tana cinye mata jini, tana tauye abincin da ke isa ga jariri. Sakamakon shi ne ɓari, ko bakwaini, ko jariri ɗan firit. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari. Shi ya sa ake ba masu ciki Fansidar a wurin awo daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, ko da ba su jin ciwon komai. Gidan sauro mai magani kuwa, idan ɗaya ne tak a gida, mai ciki ce ta fi cancanta da shi.

Sai kumburi, wanda a nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa idan aka kwana ko aka ɗora ƙafa a kan matashi, abu ne da aka saba, domin mahaifa na danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa. Wannan dannewa ce ma ta sa ake son mai tsohon ciki ta kwanta a gefenta maimakon rigingine. Akwai kuma wani kumburin daban. Mace ta tashi da safe fuska ta cika, idanu sun ƙanƙance, zoben da take sawa ya ƙi fita daga yatsa. Maƙwabta su ce ciki ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Idan aka auna jininta sai a tarar ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, fitsarinta kuma yana ɗauke da furotin, alamar ƙoda ta fara taɓuwa. Wannan shi ne hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20. Tushensa yana cikin mabiyiya, wadda tun farko jijiyoyinta ba su kafu sosai a bangon mahaifa ba. Ya fi kama masu cikin fari, da ƙananan 'yan mata, da waɗanda suka manyanta, da masu tagwaye, da masu hawan jini ko ciwon suga tun da can. Abin tsoro game da shi shi ne mace na iya yawo da shi makonni ba ta jin komai, kuma ba dole ne kumburin ma ya fito ba. Na'urar awon jini ce kaɗai ke tona shi da wuri.

Idan ya tsananta, sai ciwon kai mai naci da ba ya jin farasitamol, da gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki. Daga nan zuwa jijjiga tazara kaɗan ce. Mace ta faɗi tana taune-taune, ido ya kakkafe, kumfa na fita a baki. A gidaje da yawa abin da ke fara zuwa zuciya shi ne iska, sai a kawo hayaƙi da tofi, a yi ta yi har gari ya waye. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ya wajaba shi ne a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a nufi asibiti nan take. A can akwai allurar maganisiyam salfet, wadda wani babban gwaji na ƙasashe da yawa da aka buga sakamakonsa a 2002 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Warakar ƙarshe ita ce raba uwa da mabiyiya, shi ya sa likita kan ce a haifar da ita ko a yi mata aiki ko da ciki bai cika wata tara ba. A sani kuma jijjiga na iya zuwa bayan an haihu.

Zubar jini kuwa hukuncinta ɗaya ne: babu jinin da ake zama a gida a ga abin da zai yi. A watannin farko yana iya zama ɓari, ko cikin da ya zauna a bututun ƙwai a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe jinin yakan zuba ne a cikin ciki, mace ta yi ta ciwon mara a gefe ɗaya har ta suma. A watannin ƙarshe, jini ja mai zuwa ba tare da ciwo ba yakan nuna mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa, kuma sa hannu a duba irin wannan mace a gida yana iya ɓalle jinin gaba ɗaya. Jini mai duhu tare da ciwo, ciki ya yi tauri kamar dutse, alama ce ta mabiyiya ta ɓanɓare kafin lokaci, abin da hawan jini ke yawan jawowa.

Ciwon sugan ciki ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28, kuma yakan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da naƙuda. Yawan fitsari ba komai ba ne, amma zafi wajen yinsa, musamman da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, cuta ce da ke iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Motsin jariri ana fara jin sa tsakanin mako na 16 da na 20, kuma raguwarsa a tsohon ciki dalili ne na zuwa asibiti a ranar. Haka fashewar faya ba tare da naƙuda ba.

Kusan duk waɗannan ana gano su ne da abubuwa masu sauƙi: awon jini, gwajin fitsari, ɗigon jini daga yatsa, hannun ungozoma. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga 4 zuwa aƙalla 8, na farko a cikin mako 12 na farkon ciki. Hujjar amfanin awo an kafa ta a cikin ƙasar Hausa kanta. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga aikin a 1985, kuma ya nuna mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci. Duk da haka, a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020, cikin mata kimanin 287,000 da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kimanin 82,000 'yan Nijeriya ne. Kunyar cikin fari tana da hannu a ciki: yarinya ba za ta buɗe baki ta gaya wa uwar miji kanta na ciwo ba, ta fi so ta daure. Saboda haka sanin alamun nan ya rataya ne a kan miji da uwar miji da iyayen da ake kai wa goyon ciki, waɗanda su ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota.

Jiki ba ya komawa daidai ranar haihuwa. Yakan ɗauki kimanin mako 6, kuma a wannan tsakani zuciya na fama da ruwan da ya taru. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana yawaitar gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa mai yawan gishiri da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Mai jegon da ƙafarta ke ƙara kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya sai a kishingiɗe saboda haki, a dakatar mata da kanwa a kai ta a duba zuciyarta. Haka kuma zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari, ko jinin da ya dawo da ƙarfi bayan ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani a kwanakin arba'in, duk a kai mai jegon asibiti a ranar da aka gan su.