Turancin Bakin Aiki Ga 'Ya'yanmu 'Yan Sanda

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai da 'yan'uwa mazauna Asata.

Maganarmu ta yau a kan samarinmu ne 'yan sanda da ake turowa Inugu daga Arewa. Baƙi na sauka a filin jirgin Akanu Ibiam, wasu su nufi tafkin Nike, wasu dajin Ngwo. In sun ɓata hanya, wa za su tambaya in ba mai kaki ba?

Kwanakin baya a kasuwar Ogbete aka yanke wa wata Baturiya jaka. Yaronmu kurtu ya zo yana ta broka, ita kuwa ko kalma ba ta gane ba, sai da wani ɗan canji ya yi tafinta. Wallahi mun ji kunya.

Ba Turanci mai zurfi muke nufi ba. Mu ma da muka zo, Ibon ciniki muka fara koya: nawa ne, rage mini. To shi ma haka, ya iya neman fasfo cikin ladabi, ya kwatanta hanya, ya rubuta ƙorafi daidai.

Muna roƙon kwamiti ya ba mu aron ajin Islamiyya bayan Isha'i, kwana biyu a mako. Kuɗin malami kuwa, mu 'yan kasuwa mun ɗauka.