Tiyatar Rage Ƙiba da Ciwon Sukari: Jawabi ga Jama'ar Rusairis

 

Tambaya guda ta yawaita a bakinku, daga Rusairis zuwa Damazin har Mai Wurno: wai da gaske ne idan aka yanke wa mutum tumbi a Alƙahira, ciwon sukarinsa yana warkewa? Tun da akwai masu shawarar sayar da shago ko gona saboda wannan tafiya, wajibi ne ku san gaskiyar lamarin.

Tiyatar iri biyu ce ta fi yawa. Ta farko, wadda likitoci a nan suke kira takmim, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ta biyu, tahwil masar, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake wani sashe na hanyarsa.

A asibitin Cleveland na Amurka an raba masu ƙiba da ciwon sukari 150 gida uku, aka bi su shekara 5, aka fitar da sakamako a 2017. Cikin waɗanda aka yi wa tahwil, kashi 29 cikin 100 sukarinsu ya sauka zuwa ma'aunin da ake nema. Na takmim kashi 23, waɗanda suka tsaya kan magani kaɗai kashi 5. Nauyin jiki kuwa ya ragu da kashi 23, da 19, da 5, bi da bi. Tiyata ta fi magani kaɗai, babu shakka. Amma ku lura, ko a tahwil ɗin, mutum 7 cikin 10 ba su kai wannan ma'auni ba, ko da yake galibinsu sun sami sauƙi, sun rage magani.

Kowace tana da nata wahalar. Takmim kan tsananta ƙwannafi. Mai tahwil kuwa, in ya sha shayi mai sukari da yawa, jiri da gumi da gudawa na iya kama shi. Dukansu suna bukatar ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da gwajin jini har ƙarshen rayuwa, kuma mace za ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kun ga yadda hanya ke rufewa, magani ya yanke. Wanda ba shi da tabbacin samun waɗannan, tiyata na iya jawo masa rashin jini da mutuwar jijiyoyi.

Ba kowa ake yi wa ba. Raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita, ka sake rabawa. Mai kilo 100 da tsawon mita 1.65 zai sami kusan 37. Likita kan duba batun tiyata daga 35, ko daga 30 ga mai ciwon sukarin manya. Ciwon sukarin da kan kama yara, wanda sai da allurar insulin, tiyata ba ta warkar da shi.

Akwai wata hanya mai rahusa. A Birtaniya, a 2017, kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage abinci ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da magani ba. Ku fara daga kofin shayi: cokali uku ya koma ɗaya. Ku rage asida da kisra, ku ƙara kuɓewa da wake da kifin kogi. Mai shago ya tashi ya taka na rabin awa kullum.

Kada kowa ya bar maganinsa don ya ji sauƙi. Ku zo a auna ku kafin ku yanke shawara, ku zo da iyalanku. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalamu alaikum.