Adadin da Za Mu Iya Tsayawa a Kansa: Yadda Ake Lissafa Tazarar Amincewa

Jawabin da aka gabatar a taron reshe, a zaman shirin tattara bayanan mambobi



An ɗora mini nauyin bayani a kan wani lissafi da wakilanmu ke buƙata duk ranar da suka zauna tattaunawa da hukuma. Idan muka ce kuɗin mota yana cinye albashin malami, tambaya biyu za a yi mana: nawa ne, kuma ta yaya kuka sani? Wakilin da ya amsa ta farko ya kasa ta biyu, ya zubar da hujjarsa tun kafin a fara ciniki.

Ba za mu iya tambayar kowane malami ba. Mai sayen hatsi ma ba ya zazzage buhu gaba ɗaya. Hannu yake zurawa ya ɗebo kaɗan ya duba. Abin da ya ɗebo shi ake kira samfur. Sai dai in ya sake zura hannu, abin da zai fito ba zai zama daidai da na farko ba. Haka matsakaicin da muka samu daga samfur yake: yana kusa da matsakaicin dukkan malamai, amma da wuya ya faɗa kansa daidai. Saboda haka ne masana ƙididdiga suke ba da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama. Tsakaninsu shi ne tazarar amincewa, wadda masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, Jerzy Neyman, ya shimfiɗa ƙa'idarta a 1937.

Ga misali, kuma alƙaluman na koyarwa ne kawai. A ce muna da malamai 5,000, muka zaɓi 100 ta hanyar ƙuri'a, muka tambayi kowannensu abin da yake kashewa a kan mota a wata. Mataki huɗu ne a gabanmu.

Na farko, a tara amsoshin a raba da 100. A ce matsakaicin ya ba da naira 18,000.

Na biyu, a auna yadda amsoshin suka warwatsu, domin wani a bayan makaranta yake zaune, wani kuwa sai ya hau mota biyu. Wannan ma'aunin warwatsuwa, na'urar lissafi ko kwamfuta na fitar da shi. A ce naira 5,000 ne.

Na uku, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan samfur. A nan 10 ce, domin 10 sau 10 shi ne 100. A raba 5,000 da 10, a sami 500. Wannan shi ne gwargwadon yadda matsakaici yakan goce daga samfur zuwa samfur.

Na huɗu, in ana son amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, a ninka 500 da 1.96, a sami 980. A cire shi daga 18,000, a kuma ƙara shi a kai. Tazararmu ta kama daga naira 17,020 zuwa naira 18,980.

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka ina roƙon a saurara da kyau. Ba cewa muka yi kashi 95 na malamai suna kashe kuɗin da ke tsakanin iyakokin nan ba. Da yawa suna kashe fiye da haka, da yawa ƙasa da haka. Matsakaicin kowa da kowa muke farauta. Ma'anar kashi 95 ita ce: da za a maimaita ƙuri'ar sau ɗari, a lissafa tazara kowane karo, kimanin 95 daga cikinsu za su ritsa da matsakaicin gaskiya, kimanin biyar su kuskure shi.

Tabbaci kuwa yana da farashi. Wanda yake son kashi 99 sai ya ninka da 2.58, tazarar ta buɗe zuwa naira 1,290 ta kowane gefe. Wanda yake son rage 980 zuwa rabi, malamai 400 zai tambaya, ninki huɗu ke nan. In kuma samfurin ƙarami ne, 1.96 ba ta wadatar ba. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, shi ya warware wannan a 1908, yana rubutu da sunan aro, Student. Bisa jadawalin da ya samo asali daga aikinsa, mai samfurin mutum 16 da 2.13 zai ninka, sai gocewar ta haura naira 2,600 ta kowane gefe.

Akwai cutar da wannan lissafi ba ya maganinta, wato samfurin son rai. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga masu tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. Mu ma in muka tsaya ga malaman cikin gari, ko ga waɗanda suka zo taro, saman buhu muka duba, kuma kowa ya san abin da ake zubawa a saman buhu.

Don haka shawarata uku ce. A ɗauko rajistar mambobi cikakkiya, har da na makarantun ƙauye, a yi ƙuri'a a kanta. Wanda sunansa ya fito, a bi shi har sai ya amsa, shi kuma ya faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, domin ƙarin naira dubu a bakin mutum ɗaya na iya sa a yi shakkar maganarmu duka. Sannan idan za a kai rahoto, a rubuta matsakaici, da tazararsa, da yawan waɗanda aka tambaya, da yadda aka zaɓe su. Wanda ya ƙi yarda, ga hanya nan a buɗe, ya je ya auna da kansa.