Abin da Ɗiyata Ta Gano Wurin Waɗanda Ba Su da Ɗaki

Daga Dingyaɗi nake, ƙasar Boɗinga, kuma labarin ɗiyata na zo maku da shi yau.

Makarantarsu ta tura ta koyon aiki na wata uku a wata ƙungiya cikin Sakkwato, mai kula da mutanen da suka rasa matsuguni. Ni dai ban so ba. Na ce, yarinyar da ko gidan gwaggonta ba ta iya kwana, me za ta tsinana? Babanta ya ce a bar ta.

Aikinta rubuta sunaye da rabon kaya. Yawancinsu mata ne daga Isa, Sabon Birni da Raba, waɗanda 'yan bindiga suka kora. Kun dai tuna harin Tabanni a 2018, da mutane suka kwarara Gandi. Waɗanda suka ƙaraso birni, wasu a kango suke kwana, wasu a bakin shaguna.

Sai ta lura da suna guda, kullum ana kira ba a amsawa. Har an ce a soke shi. Ta bi sawu, ta tarar da matar a lungun kango, ta kare da buhu. Ashe shekara ashirin tana kulle, ba ta taɓa tsayawa layi gaban maza ba. Zanenta ɗaya tal, da dare take wankewa ta zauna jiran ya bushe. In ta aiki yaro, manya su ture shi ya dawo hannu biyu. Ta ce wa ɗiyata, "Yarinya, yunwa na iya daurewa, tsiraici ne ban iya ba."

Jama'a, wannan ai mu ce. Katangar da ta rufa mana asiri ita ma ta rufa mata, dare ɗaya ta rabu da ita.

Daga nan ɗiyata ta roƙa a bar mata su riƙa kai wa mata kaya har inda suke, aka yarda. Ta kuma gane shinkafa kaɗai ba ta isa, tunda babu tukunya babu itace. Abin da suka fi tambaya a asirce shi ne zane, hijabi, sabulu, tabarma da audugar mata.

To, waɗannan ba sai mun fita ba. Zamanin Nana Asma'u, 'yan taru kan taho mata da sadakar matan ƙauye, ita kuma ta raba wa mabukata. Ki buɗe akwatinki, Hajiya. Zanen sunan da kika yi shekara uku ba ki ɗaura ba, ki wanke shi, ki ninke, ki nemi izinin maigida, ki ba tsohuwar da kika yarda da ita ta kai. Amma don Allah kar a haɗa da tsumma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.