Gayyar Kwamfutoci da Rabonmu a Cikinta

 

An ba mu dama mu yi bayani a kan shawarar da muka kawo gaban reshe, wato mu haɗa tawagar malaman da za su ba da aron kwamfutocinsu da wayoyinsu ga binciken kimiyya, kyauta, a lokutan da ba sa amfani da su. Wasu sun ji abin banbaraƙwai, don haka za mu fara da abin da kowa ya sani.

Duk wanda ya tashi a Yalwa ya san gayya. Idan noma ya fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyaci gari, kowa ya fito da fartanyarsa, a raba kunyoyi, kafin azahar an tashi gonar da mutum ɗaya zai yi mako a cikinta. Masana kimiyya ma suna da irin wannan gona: lissafin da kwamfuta ɗaya za ta shekara ɗaruruwa ba ta gama ba. Dabararsu ita ce su yanka lissafin ƙanana-ƙanana, su aika wa kowace kwamfutar sa-kai yankinta ta intanet. Idan ta gama sai ta mayar da amsa, a ba ta wani. Sau da yawa akan ba kwamfutoci biyu yanki ɗaya don a gwada amsoshinsu, kamar yadda malamai biyu kan duba takardar jarrabawa ɗaya.

Wannan gayya ta daɗe. A 1999 Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, a Amurka, ta fara SETI@home don tace sautukan rediyo da ake kamowa daga sararin samaniya, kuma daga can aka fitar da manhajar BOINC wadda ayyuka da dama ke hawa kanta har yau. A 2000 Vijay Pande ya kafa Folding@home a Jami'ar Stanford don nazarin yadda furotin ke naɗewa a jikin ɗan Adam. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi, har ƙarfin kwamfutocinsu a haɗe ya zarce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, matakin da babu wata kwamfuta guda da ta taka a lokacin.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, wasu daga cikin gonakin da aka nome namu ne. A 2006 cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel, a Suwizalan, ta buɗe malariacontrol.net, inda kwamfutocin sa-kai suka riƙa auna abin da zai faru idan aka raba gidajen sauro, ko magani, ko rigakafi, a cikin al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya, kuma mu ne muke ganin shaidar hakan a rajistar aji duk damina. Daga 2008 zuwa 2010, a ƙarƙashin World Community Grid da kamfanin IBM ya kafa a 2004, an yi lissafin furotin na shinkafa domin taimaka wa masu neman iri mai yabanya da gina jiki, abin da ya shafi duk mai noma da ruwan Tiga a Kadawa da Kura. A 2019 Jami'ar Delft ta ƙasar Holan ta fara aikin inganta hasashen ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, saboda manomin da ke shuka da ruwan farko. Mutanen nesa da ba su taɓa jin sunan Rano ko Kibiya ba sun fito da fartanyoyinsu a gonarmu. Ya kamata a ga mai gona a cikin layi.

Ba za mu ɓoye wa 'yan'uwa wahalar abin ba. Wuta ba ta zama, data kuɗi ce, albashi kuma kowa ya san inda yake tsayawa. Kwamfutar da ke lissafi tana shan wuta tana ɗaukar zafi, musamman a bazara. Saboda haka ba mu ce kowa ya shiga ba, kuma haramun ne a wurinmu wani ya tayar da janareta saboda wannan. Masu sola muke nufi da farko, domin da tsakar rana, idan batir ya cika, wutar da faranti ke iya bayarwa tafiya take a banza. Manhajar tana bari a ƙayyade mata rabin ƙarfin na'ura ko ƙasa da haka, a waya kuwa akan saita ta ta yi aiki sai tana kan caji. Kwamfutar makaranta amana ce, kada a taɓa ta sai da izinin hukuma.

Dole kuma mu raba wannan da abin da samarinmu ke kira mainin, inda ake kwana ana danna waya da fatan kuɗi. A nan babu sisin kwabo. Maki kawai ake rubuta wa mutum da tawagarsa, don a san abin da kowa ya noma. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista da sunan wannan aiki, a guje shi.

Gudummawarmu ƙarama ce, mun sani. Amma mu 'yan ƙungiya mun fi kowa sanin abin da ɗan kuɗin wata-wata ke zama idan dubbai suka haɗa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babbar ribar tana cikin aji. Yaranmu sun saba jin cewa kimiyya abu ne da ake yi a wata ƙasa a aiko mana. Ranar da malamin aji shida ya nuna musu allon kwamfutarsa yana juya siffar furotin, ya ce musu wannan lissafin a garin nan ake yin sa, darasin ya shiga inda alli ba ya kaiwa.

Roƙonmu ga reshe guda uku ne: a amince a buɗe tawaga da sunan reshen, a ba mu rana ɗaya a hutun zango mu nuna yadda ake saka manhajar, sannan a dawo bayan zango ɗaya kowa ya faɗi abin da ya kashe na data da wuta. Idan nauyin ya fi amfanin, mu tsaya ba tare da jin kunya ba.

Allah Ya yi wa aikinmu albarka, Ya shirya mana yaran da aka ba mu amana.