Littafi Ma Haja Ne, Sai Da Talla



An ce in yi magana a kan ɗan littafin da na rubuta da taimakon malamarmu, wanda ƙungiya ta ba da rance aka bugo shi a Katsina. Kun san abin da ke ciki: yadda mace za ta rubuta bashin da ta bayar, ta raba uwar kuɗi da riba, ta lissafa canjin sefa da naira ba a cuce ta ba. Kuɗin bugun na zubinku ne, dole ya koma asusu. To ta yaya zai koma? Da baki.

Mu 'yan kasuwa mun sani, ko a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, wadda ta kasa kaya ta yi gum, sai ta ɗaure abinta ta koma gida. Littafi ya fi atamfa buƙatar talla, don atamfa ido ke ganin kyanta, shi kuwa sai an buɗe an ji. Yawancin matan da na rubuta dominsu ba su iya karatu ba tukuna. In ban tsaya gabansu na karanta ba, wa zai gaya musu?

Wannan ba sabon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta bar rubutunta a ɗaki ba. Ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, suka riƙa shiga ƙauyuka suna koya wa mata da baki, su ne 'Yan Taru. A zamaninmu ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya kamar mu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, a 2012 har a Indiya aka buga shi da Turanci. Don haka kada wata ta ce, ni 'yar ajin yamma, wa zai saurare ni?

Ga yadda nake yi in an ba ni fili, a gidan suna ne, ko wurin zubin adashi, ko makarantar Islamiyya.

Da farko ba na farawa da littafi, da ciwo nake farawa. Ina tambaya: wa ya tuna rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020? Wa ya tuna wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, har zuwa Maris na 2024? Mu nawa ne muke bin bashi a Ɗan Issa da Maraɗi, ba takarda ba shaida, da aka buɗe hanya kowa ya zo da nasa lissafin? Nan za ki ga ɗaki ya yi tsit.

Sannan in karanta shafi ɗaya tak, a hankali, in tsaya. Mai ƙosai ɗanɗano take bayarwa, ba tray guda ba.

Na uku, ina faɗin farashi a fili, naira kaza, sefa kaza. Kunya ba ta biyan rance.

Na huɗu, in akwai 'yan'uwanmu na ƙetare, ina nuna musu baƙaƙen. Wadda ta yi makarantar Faransanci ta saba ganin "ch" a inda muke rubuta "sh", da "ou" a wurin "u". Minti biyu ya isa ta gane.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Duk mai taro a gidanta ta ba ni minti goma. Wadda ta saya, ta sa 'yarta ko jikarta ta karanta wa makwabta da dare. Ku kuma mazajenmu da ke zaune can baya, a bar mu mu je, kuɗin gida muke tsarewa.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da kewaye.