LAFIYAR KURMI BA TA SANUWA SAI DA AWO DA ƘIDAYA

'Yan'uwa mazauna Ikko, da Badun, da Fatakwal, da sauran biranen Kudu.

Duk mutumin Yara ta Keffi da ya daɗe a ci-rani, in ya koma ganin gida, abin da ya kan fara faɗi shi ne daji ya yi nisa. Inda dā mata kan samo itacen girki su komo kafin azahar, yanzu sai an yi tafiya mai tsawo, ga kuwa buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran motoci. Amma in aka tambaye shi itatuwa nawa suka salwanta, ko wane iri ne ya fi ƙarewa, ko a wace shekara abin ya soma, ba shi da amsa. Wannan rashin amsa shi ne abin da wannan jawabi ya dosa.

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10. Cikinsu akwai Falgore a Jihar Kano, da Kogo a Jihar Katsina, da Pandam a Jihar Filato, da kuma Marhai a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa, watau wajen da ruwan nan mai zubowa daga dutse, Farin Ruwa, yake. Daga Keffi ta Akwanga a kan bi a je can. Lalle wannan abin murna ne. Amma fa suna a takarda ba ya tsare itace. Kurmi ba ya mutuwa dare ɗaya. A hankali ya kan zube, har mai ganinsa kullum ba ya lura, kamar yadda uba ba ya lura da girman ɗan da ke gabansa.

To, ta yaya a ke gane lafiyar kurmi? Masana sun daɗe da fito da hanya. A kan keɓe wani yanki a kafa masa turaku. Kowane itace da kaurinsa ya kai santimita 1, watau kamar ɗan yatsa, sai a auna shi daidai ƙirjin mutum, a ɗaura masa lamba ta ƙarfe, a rubuta irinsa da wurin da ya tsaya. Bayan shekara 5 a komo a sake awo, a ga wanda ya mutu, da wanda ya ƙara kauri, da sababbin da suka tsiro. An soma wannan aiki a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama wajen 1980, a fili mai hekta 50, sa'an nan aka kafa irinsa a gandun Korup na Kamaru a 1996.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A kurmin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, kusa da babban gandun Gashaka-Gumti, an keɓe hekta 20 a 2014, aka ƙidaya itatuwa sama da 40,000 ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin nan, wani ma'aikacin daji mai suna J. D. Chapman ya zaga kurmuka na wannan yanki a shekarun 1970 yana rubuta abin da ya gani. A 2002 'yarsa, Hazel Chapman, ta bi sawunsa ta sake dubawa. Da uban bai rubuta ba, da 'yar ba ta sami abin da za ta gwada da shi ba.

Amfanin wannan ƙidaya a fili yake. Kurmi ya kan yi kyaun gani daga nesa, manyan itatuwa sun yi rumfa, alhali kuwa a ƙarƙashinsu babu ƙanana, domin gobarar rani da kiwo sun cinye su. Irin wannan kurmi kamar gida ne mai tsofaffi ba magada. Tauraron ɗan'adam, wanda ya ke ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, ya kan nuna inda aka share daji ƙarƙaf, amma da wuya ya nuna inda aka bi ana tsintar iri guda ana sarewa.

Haka kuwa aka yi wa madobiya. 'Yan katako suka bi ta daji daji, musamman a Taraba, ana lodinta zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, daga nan sai ƙasar Sin. Sai a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da a ke taƙaita cinikinsu a duniya, a 2018 kuma aka dakatad da fitar da ita daga Nijeriya. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya sami madobiya yana iya samun kaɗanya da ɗorawa, waɗanda masu gawayi ke so saboda ƙarfin itacensu, su ne kuwa tushen man kaɗe da daddawa, abin dogaron iyaye mata a ƙauyuka.

Saboda haka abin da ya kamata a yi wa Marhai shi ne ƙidayar farko tun da sauran itatuwa a tsaye. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa nan a Keffi, ɗalibanta na iya riƙe littafin awo. Mafarauta da makiyaya da masu maganin gargajiya kuwa sun san sunan kowane itace, bai kamata a bar su a baya ba. Har ila yau sai an tabbatad da tsaro, gama abin da ya faru a gandun Kamuku na Birnin Gwari ya nuna cewa inda 'yan bindiga suka shiga, ma'aikatan daji ba su iya aikinsu.

Ku kuma mazauna Kudu kuna da naku rabo. Mai tsire da mai shayi da mai gasa masara ya kamata su san gawayin da ke gabansu itace ne dā a wani daji, wataƙila ma dajin garinsu. Ƙungiyoyinku na 'yan gari, waɗanda kan tara kuɗin gina masallaci da haƙa rijiya, suna iya rubuta wa wakilansu na majalisa su tambaya: an ƙidaya itatuwan gandun jiharmu? Yaushe za a sake? Wa ke riƙe da littafin? Aikin na bukatar haƙuri, domin wanda ya ɗaura lambar farko ba lalle ne ya ga awo na goma ba. Jikokinsa ne za su karanta.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya mai da kowa gida lafiya.